Daga Runjin Sambo Zuwa Kwalkwalawa da Akwatin Saƙo

A cikin watan Afrilu, lokacin da manoman fadama suka gama cire albasa, rana kuma ta fara dukan ƙasa da gaske, na kama hanyar Sakkwato daga Zariya ɗauke da wata jaka wadda na fi tattalinta a kan jakar tufafina. A cikinta akwai wani ƙaramin akwati na karɓar saƙo, da eriya mai tsawon kamu ɗaya, da na'urorin awo guda 3 waɗanda kowace ba ta wuce girman sabulun wanka ba, sai kuma ƙaramin faifan sola da batirinsa. Sana'ata haɗa intanet a makarantu da shaguna, kuma na daɗe ina jin labarin biranen da fitilunsu da famfunansu da titunansu suke aika rahoto da kansu ta iska, ba tare da an ja musu waya ba. Wasu suna kiran irin wannan gari birni mai wayo, amma ni kalmar wayo tana tuna mini da ɗan kasuwar da ya iya tauye mudu, saboda haka na fi son in ce birni mai ji da gani.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne dalilin tafiyar. Ya haura shekara 30 yana fataucin albasa, kuma a daminar da ta wuce danshi ya shiga masa rudu guda, wato rumbun kara da ciyawa da ake ajiye albasa a ciki har ta yi daraja, bai ankara ba sai da wari ya fara tashi. Ɗansa, wanda yake taubashina, shi ya tsegunta masa cewa ina da wani abu da yake auna zafi da danshi ya faɗa wa mutum daga nesa. Ni kuma na ga dama ta samu da zan gwada kayan a garin da zafinsa da ƙurarsa ba sa raga wa na'ura.

Tun daga Funtuwa na ajiye wayata a kan cinya ina kallon alamar sabis, domin ita ce taswirar da ta fi kowace gaskiya a wannan hanya. A cikin gari alamar 4G take nunawa, da mun fita daji sai ta koma harafin E, wanda yake nufin tsohon layin 2G, can kuma sai ta ɗauke gaba ɗaya har sai wani ƙarfen sabis ya ɓullo a bayan itatuwa. Tsakanin Tsafe da Gusau direban ya ga abin da nake yi, sai ya ce ai yanzu muna cikin ni'ima. Ya tuna mana da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka rufe a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. Ya ce a kwanakin nan ya zama ɗan aike, yana ɗaukar wasiƙa da saƙon baki daga tasha zuwa tasha kamar zamanin kakanninsa, kuma akwai waɗanda suke biyan kuɗin mota zuwa wata jiha don kawai su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya ne a 2001, amma cikin shekara 20 ta zama abin da idan aka ɗauke shi kasuwa take tsayawa.

Mun wuce Talatar Mafara da la'asar, muka shiga Sakkwato ana kiran magariba. Ɗan kabu-kabu ya kai ni Runjin Sambo, inda na tarar da Kawu a kan tabarma a ƙofar gida. Bayan na durƙusa mun gaisa, ya tambayi mutanen Zazzau ɗaya bayan ɗaya, sai ya dubi jakar ya ce, "Ɗana, wanga abu naka shina iya hwaɗa mani albasa ta ɗau ruɓa tun ban gani ba?" Na ce, "Kawu, in Allah ya yarda zai faɗi zafi da danshin da ke cikin rudu, sauran kuma ku kuka fi shi sani." Taubashina, da yake ba ya barin dama ta wuce shi, ya ce a dai yi hattara, kada Bazazzage ya zo ya koya wa Basakkwace yadda ake ajiye albasa.

Shi taubashin nawa aikinsa gyaran ƙarafan sabis, kuma washegari da sassafe ya tafi da ni wani da yake kula da shi a bayan gari. Mutum yana wucewa ta gefen waɗannan ƙarafa kullum, amma sai ya shiga cikin shingen yake gane cewa rabin aikin sadarwa aikin wuta ne. A gindin ƙarfen akwai janareta mai shan man gas, da tankinsa, da jerin batura a cikin akwatin ƙarfe, da faifan sola da aka kafa daga baya, da wani akwatin wanda fankokinsa ba sa hutawa saboda na'urorin da ke ciki kada su ƙone. A can sama akwai dogayen eriyoyi masu fuskantar kusurwa 3, su ne suke magana da wayoyin mutane, a ƙasansu kuma akwai wani abu mai siffar ganga yana kallon wani ƙarfen a nesa. Wannan gangar ita take miƙa duk maganar unguwar ta iska zuwa ƙarfe na gaba, kuma sharaɗinta shi ne su riƙa ganin juna ido da ido, domin ko dogon gini aka yi a tsakaninsu sai magana ta lalace. Daga ƙarfe zuwa ƙarfe ake yi har a kai inda wayar fayiba take binne a ƙasa, daga nan kuma haske ne yake ɗaukar saƙon a cikin zaren gilashi.

Ya buɗe mini akwatin baturan ya ce in taɓa, na ji su da ɗumi alhali ƙarfe 9 ba ta yi ba. Sananne ne a wurin masu wannan aiki cewa batir na dalma an yi shi ne don yanayin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage masa kusan rabin kwanansa, ga shi kuwa a Sakkwato watan Afrilu yana wuce digiri 40 da rana. Shi ma faifan sola ƙarfinsa yana raguwa idan ya yi zafi da yawa, abin da yake ba mutane mamaki, domin suna ɗauka cewa ƙarin rana ƙarin wuta ne. Sai kuma ƙura, wadda a lokacin hunturu take lulluɓe faifan cikin kwana kaɗan, ta toshe matatar iskar akwatunan. Ya ce mafi yawan kiran da ake yi masa da tsakar dare ba su wuce abu 3 ba, wato mai ya ƙare, ko an sace batir, ko masu aikin hanya sun datse fayiba da katafila.

Maganar fayiba ta tuna mini da ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da wasu manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa sanɗa a duk faɗin ƙasar. Sakkwato tana da nisan kimanin kilomita 1,000 daga Legas inda wayoyin suke fitowa tudu, amma mai POS a Kasuwar Kara ya ji a jikinsa a ranar. Abin da muke kira sadarwa ta iska ɗan gajeren zango ne kawai na ƙarshen tafiya, daga ƙarfe zuwa aljihu, sauran tafiyar duk a cikin waya ake yin ta. Akwai mafita ta tauraron ɗan'adam, tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, na kuma ga farantinsa a kan rufin wasu ofisoshi da otal-otal a garin, sai dai kuɗin kaya da na wata ba na kowa ba ne, kuma shi ma sai da wuta yake aiki.

Muna zaune a inuwar shingen muna shan ruwan leda, sai taubashina ya tambaye ni me ya sa ban zo da kayan 5G ba, tun da shi ake yayi. Gaskiya ne cewa shi ake yayi. A Disamban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon zangon igiyar rediyo na gigahaz 3.5, kamfanonin MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowanne, kuma a 2022 MTN ya fara aiki da shi a wasu birane, ciki har da Kano da Maiduguri a Arewa, Airtel ya biyo baya a 2023. Yana da saurin gaske, kuma inda ake son a ɗauki hoton bidiyo daga kyamarori masu yawa ko likita ya duba majinyaci daga nesa, yana da rana. Amma wanda ya taɓa jin tamburan fada ya san cewa amon tambari mai kauri yana ratsa unguwanni ya kai bayan gari, alhali ƙarar kuge mai kaifi tana mutuwa a kusa. Haka igiyar rediyo take: gwargwadon hawan zangonta, gwargwadon yawan kayan da take ɗauka, amma gwargwadon gajartar tafiyarta da kasawarta wajen ratsa bango. Kafin 5G ya rufe gari sai an ƙara yawan ƙarafa, kowane da wutarsa da fayibarsa da maigadinsa.

Shi kuwa rudun Kawu ba ya buƙatar aika bidiyo. Abin da zai faɗa bai wuce lamba 2 ba, zafi kaza, danshi kaza, sau ɗaya a kowane minti 30. Haka tankin ruwa yake, haka fitilar titi, haka kwandon shara, haka ma'aunin kogi, duk ƙananan maganganu ne da ake so su isa ko da yaushe. Don irin wannan aka ƙirƙiro fasahar da ke cikin jakata, wadda ake kira LoRa. Wani ƙaramin kamfani ne a garin Girenobul na Faransa ya fara ta, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012, kuma a 2015 aka kafa ƙungiyar da take kula da ƙa'idojinta. Tana aiki a zangon da ke ƙasa da gigahaz 1, kayana suna kan megahaz 868, kuma ba a sa mata layin waya balle a saya mata data. Na'urar tana barci mafi yawan lokaci, ta farka ta aika saƙonta cikin ƙiftawar ido ta koma barci, shi ya sa ƙaramin batir yake kai ta shekaru. Akwatin karɓa guda yana iya sauraron ɗaruruwan irinta daga nisan kilomita da dama, kuma a 2015 wasu 'yan sa-kai sun rufe birnin Amsterdam da akwatuna kimanin 10 kacal. Tana da 'yar'uwa da ake kira NB-IoT, wadda aka kammala ƙa'idarta a 2016, ita kuma a kan ƙarafan kamfanonin waya take hawa, saboda haka ba sai mutum ya kafa nasa akwatin ba, amma zai riƙa biyan kuɗin layi, kuma ranar da ƙarfen ya mutu ita ma ta yi shiru.

A rana ta 3 muka hau aikin. Sakkwato a kan tudu take, tana kallon kwarin da Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke haɗuwa, kuma wannan babbar sa'a ce ga mai kafa eriya, domin daga saman bene a Runjin Sambo ana hango fadama shimfiɗe har inda ido ya gaji. Wani maƙwabcin Kawu mai gidan sama ya ba mu izinin hawa, amma kafin mu sa ƙafa a tsani sai da aka aika yaro gida-gida ya sanar cewa maza za su hau sama, aka ba mata lokaci su kimtsa. Da na hau na gane dalilin, domin tsakar gida 5 ko 6 ne a buɗe a ƙarƙashina, ga turmi, ga shanya, ga randa. Na sunkuyar da kai na yi abin da ya kawo ni. Ina cikin ɗaure eriyar sai wani dattijo ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce, "Malam, wanga abu da kaka ɗaurawa, shina da ido?" Na ce, "Baba, ba shi da ido, kunne kawai gare shi, kuma ba ya jin maganar mutane, sai ta 'yan'uwansa na'urori." Sai da na sauko na buɗe masa akwatin ya leƙa ciki kafin hankalinsa ya kwanta.

Tambayar dattijon ta fi ƙarfin ƙauyanci, ko da yake na san akwai masu zanen birane da za su ɗauke ta haka. A birnin Toronto na Kanada an yi shekaru ana gardama a kan wata unguwar zamani da wani kamfani ɗan'uwan Google ya so ginawa, mutane suna tambayar wa zai mallaki bayanan da na'urori za su tara a kansu, kuma a watan Mayu na 2020 aka yi watsi da aikin. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a 2023. Amma a unguwa irin wannan, kafin a kai ga doka akwai hurumin gida, kuma duk wanda zai kafa kyamara a kan dogon ƙarfe don tsaro, ya kamata ya fara zama da mai unguwa da liman a yanke inda za ta kalla da inda ba za ta kalla ba. Idan aka tsallake wannan, ba za a rasa yaron da zai gwada danƙonsa a kanta ba.

Daga nan muka bi hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo muka gangara Kwalkwalawa, inda Kawu yake da rudu 3 a kan wani ɗan tudu a gefen fadama. An gina su da kara a kan dandamalin itace don iska ta riƙa shiga ta ƙasa, an yi musu jinka ta ciyawa, albasar kuma tana jibge a ciki ja wur, ɓawonta yana ƙara idan an taɓa. Na cusa hannu har gwiwar hannu na sa na'ura ɗaya a tsakiyar tulin, na rataye ta biyu a ƙarƙashin jinka, ta uku kuma na ajiye ta a rudun da ya fi kusa da ruwa. Albasa tana jure zafi matuƙar a bushe take, abin da yake kashe ta shi ne danshi, musamman idan damina ta kankama, kuma idan ruɓa ta fara daga tsakiya tulin yakan ɗau ɗumi fiye da iskar waje. Wannan bambancin nake so na'urorin su kama. Na danna maɓallin gwaji, na buɗe wayata, muka yi tsaye mu huɗu a kanta har da mai gadin gonar. Ba a yi minti ɗaya ba lambobin suka fito. Saƙon ya tashi daga cikin tulin albasa, ya haye fadama, ya hau tudu, ya sami eriyar da ke Runjin Sambo, ya shiga intanet ya dawo hannuna. Mai gadin ya ce, "Ikon Allah," ni kuma na yi ƙoƙari kada taubashina ya ga farin cikin da ke fuskata.

Farin cikin bai kai la'asar ba. Da misalin ƙarfe 1 na rana saƙo ya daina zuwa, muka koma gari muka sake aika yaro gida-gida, na hau na tarar da akwatin ya yi zafin da ba a iya riƙe shi, ya kashe kansa. Laifina ne, domin na ɗaure shi a jikin bangon da yake fuskantar yamma a kan rufin siminti, kamar ban taɓa jin labarin ranar Sakkwato ba. Maganin da ya yi aiki bai fito daga cikin jakata ba. Mai gidan ya sa aka kawo guntun zana da sanduna 4, aka yi wa akwatin 'yar rumfa wadda iska take ratsawa, aka bar eriyar da faifan sola kaɗai a rana. Tun daga lokacin bai sake mutuwa saboda zafi ba.

Da dare muka zaga gari a kan babur, ni kuma idona yana kan fitilun titi masu aiki da sola waɗanda aka jera a manyan hanyoyi. Suna da kyau inda suke ci, amma a kan samu 2 ko 3 a jere sun mutu, kuma da yake kowace zaman kanta take yi, babu wanda zai sani sai wanda ya bi ta wurin da dare. A garuruwan da suka ci gaba da wannan aiki, irin su Santanda a Sifen inda aka fara kafa dubban na'urorin awo tun wajen 2010, fitilu suna da 'yar na'urar da take ba da labarin lafiyarsu. Wata fasahar da ake amfani da ita a irin wannan aiki ita ce Zigbee, wadda ba ta da nisan zango, amma kowace fitila tana miƙa wa maƙwabciyarta saƙo har ya kai ofis, idan kuma ɗaya ta mutu sai saƙon ya kewaye ta wata. Da irin wannan, mai gyara zai fita da safe ya san sandar da zai nufa da abin da zai ɗauka, ko batir ne ko ƙwai ne ko tsumman goge faifai kawai. Haka na yi ta lissafi da na ga 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki da asuba: da manyan tankunan unguwanni suna faɗin yawan ruwan da ke cikinsu, da an san inda bututu ya fashe tun kafin titi ya zama tafki.

A Babbar Kasuwa na ga wata fuskar lamarin. Masu POS suna zaune a ƙarƙashin lema, kowanne da na'ura 2 ko 3 masu layukan kamfanoni daban-daban, idan wannan ya ƙi sai a gwada wancan, darasin da aka koya da wahala a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Wani ɗan kasuwa ya tura kuɗi a gabana da ƙaramar waya mai maɓalli ta hanyar danna tauraro da lambobi, abin da yake aiki ko a kan 2G. Mitar wuta ta gidan Kawu ma irin wannan hikimar ce a cikinta, domin lambobi 20 ake saya a danna mata, ta gane su da kanta ba tare da ta nemi sabis ba. Na lura cewa duk fasahar da ta zauna da gindinta a garin nan tana da hali guda, wato ta san za a ɗauke wuta, ta san sabis zai yanke, kuma an yi ta yadda za ta jira.

A rana ta 4 na ziyarci Hubbaren Shehu, daga nan na wuce Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubuce da wasiƙun Daular Usmaniyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina garin a 1809, kuma daga nan ake tafiyar da ƙasar da ta kai har Adamawa da Ilori, da wasiƙu gajeru masu hatimi waɗanda manzanni suke ɗauka zango bayan zango, ofishin Waziri yana kula da shigarsu da fitarsu. Na tsaya a gaban wata wasiƙa wadda ba ta cika shafi ba, na ga cewa hatimi yana gaya wa mai karɓa daga wa ta fito, kamar yadda kowace na'urata take da mabuɗin sirri da yake hana wani ya aiko da saƙon ƙarya da sunanta.

Da yamma muka koma Kwalkwalawa, na tsaya a kan gada ina kallon Rima, wadda a wannan lokaci ta janye ta bar yashi da 'yan kwale-kwale a kife. Mai gadin gonar ya nuna mini da sanda inda ruwa ya kai a watan Satumba na 2010, shekarar da ambaliya ta cinye hanyar da ta haɗa jami'a da gari, ta share gonaki da ƙauyuka tun daga wajen Goronyo. Ruwan da ya taso daga sama yana ɗaukar sa'o'i kafin ya iso nan. Na'urar auna tsayin ruwa, wadda ake ratayawa a ƙarƙashin gada tana aika amo ƙasa tana jin dawowarsa, ba ta fi waɗanda na sa a rudu wahala ba, kuma idan aka jera irinta a gadojin da ke tsakanin madatsar Goronyo da Sakkwato, kowace tana magana duk minti 10, to mutanen fadama za su sami lokacin kwashe awaki da hatsi. A ganina, idan hukuma tana da kuɗin abu ɗaya tak a wannan fanni, nan ya kamata ta fara sa shi kafin a yi maganar allunan talla masu haske a shataletale.

Daren ƙarshe na zauna na nuna wa Kawu yadda lambobin suke hawa da sauka a fuskar wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ciro tasa wayar daga aljihu, ƙarama mai tocila, ya ce shi boko bai dame shi ba, lissafinsa duk da ajami yake yi, kuma ba zai bar kasuwa ya zauna gadin zane-zane ba. Ya ce, "In abin ya ɓaci, a kira ni a hwaɗa mani da baki. Kuma in an hwaɗa, wa za ya tahi ya juya albasar?" A nan na gane cewa na kawo rabin aiki ne. Muka tsara cewa idan danshin ya wuce iyakar da shi Kawu zai yanke da kansa bayan ya ga yadda damina ta fara, saƙon tes zai tafi wayar taubashina da ta mai gadi, su kuma su kira shi. Aka ɗora wa wani ƙaramin jikansa goge faifan sola duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da ladan da ya sa yaron ya yi ta murmushi.

Na bar Sakkwato da asuba a rana ta 5, da buhun albasa rabi wanda Kawu ya ce kuɗin aiki ne, ban kuma isa in ƙi ba. Sabis ya yi ta zuwa yana tafiya kamar yadda ya yi a zuwa, kuma duk inda ya dawo sai in duba in ga na'urorin 3 suna ba da rahotonsu a kan lokaci. Muna gab da shiga Gusau na ga saƙon ya tsaya tun ƙarfe 10, alhali zafin rana bai kai na kashe akwati ba. Na kira taubashina, ya ce in ba shi minti 20. Da ya kira sai na ji yana dariya har yana tari, ya ce wani saurayi a gidan saman ne ya gano cewa batirin yana da kafar caji, ya zare wayar akwatin ya sa tasa. Na ce ya mayar da ita, ya nemo kwado ya rufe akwatin batirin, sannan ya tambayi mai gidan ko zai yarda a ƙara faifai ɗaya a jawo wa samarin gidan tasu kafar cajin daban, ni zan aiko da kuɗin idan na isa Zariya.